Kashin Dankali a Sararin Samaniya

Ranar 10 ga Oktoban 2024 aka bayyana sakamakon ƙuri'ar da matuƙan jiragen kamfanin Air Canada suka kaɗa a kan sabuwar yarjejeniyar aikinsu. Kashi 67 cikin ɗari suka amince, sauran suka ce ba da su ba. Kafafen labarai suka ɗauki ɓangaren da ya fi daɗin faɗa, wato an kauce wa yajin aiki, kuma albashi zai ƙaru da kusan kashi 42 cikin ɗari a shekara huɗu. Ni kuwa tun daga ranar hankalina yana kan ɗaya bisa ukun nan da suka ƙi. Me zai sa mutum ya ga ƙarin kashi 42 a rubuce ya kau da kai? A watan Agustan shekarar, waɗannan mutanen ne dai kashi 98 cikin ɗarinsu suka ba shugabanninsu izinin kiran yajin aiki, da murya ɗaya. Cikin wata biyu tsintsiyar ta kwance. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Ga ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suka tsamar da shi. A tsohuwar yarjejeniya, duk wanda kamfanin ya ɗauka sabo sai ya yi shekara huɗu cur a kan ƙaramin albashin da aka yanka masa, ko wane irin jirgi yake tuƙawa. Ko ƙaramin jirgi ne mai zirga-zirga tsakanin Toronto da Montreal, ko ƙaton da ke tsallaka teku, kuɗinsa ɗaya ne, sai ya shiga shekara ta biyar sannan a buɗe masa ƙofa. Ƙungiyar ƙwadagon matuƙan, wato ALPA, ta shiga tattaunawa da niyyar a soke wannan tsari gaba ɗaya. Abin da ta fito da shi, an rage shekarun daga huɗu zuwa biyu, kuma ko a shekara ta uku da ta huɗu akwai tazara mai faɗi tsakanin mutum da ɗan shekara biyar. Su kuma waɗannan da ake kira sababbi ba 'yan koyo ba ne. Da yawansu sun shafe shekaru suna tuƙi a ƙananan kamfanoni kafin su iso, da iyali a wuyansu, a birane irin Toronto da Vancouver inda kuɗin haya ke cinye albashi tun kafin wata ya raba. Da gunaguni ya yi yawa, shugabar reshen ƙungiyar, Charlene Hudy, wadda ita ma mataimakiyar kyaftin ce, ta shaida wa mambobi cewa idan aka yi watsi da yarjejeniyar za ta sauka daga kujerarta. Ba na zarginta da mugun nufi. Amma duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiya ya san nauyin irin wannan magana a kunnen mai shirin kaɗa ƙuri'a.

Ra'ayina a wannan batu ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar da ta saba biyan kuɗin nasarar manyanta daga aljihun ƙanananta, irinta na shuka take dafawa ta ci. Za ta ƙoshi a bana, amma damina na tafe.

Sai mutum ya fahimci abu ɗaya kafin ya gane rayuwar matuƙin jirgi a Amurka da Kanada: lambarsa a jerin wa-ya-riga-wa. Ranar da kamfani ya ɗauke ka, ranar ake ba ka lamba, kuma wannan lamba ita ce sarkinka har ka yi ritaya. Ita ke cewa ga jirgin da za ka tuƙa, ga garin da za ka zauna, ga ranar da za ka tashi daga kujerar dama ta mataimaki ka koma ta hagu ta kyaftin. Duk wata ana fitar da jadawalin tafiye-tafiye, na sama ya zaɓi wanda ya yi masa, na biye da shi ya zaɓa, har a gangaro kan na ƙasa ya kwashi abin da aka rage. Hutun ƙarshen shekara, ranar auren ƙanwa, ranar suna, duk lamba ce. In kuma kasuwa ta faɗi aka zo rage ma'aikata, daga ƙasa ake fara yanka. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne lambar ba ta bin mai ita. Kyaftin mai shekara ashirin da biyar, idan kamfaninsa ya rushe ya koma wani, a ƙarshen layi zai tsaya, a bayan yaron da aka ɗauka makon jiya, da albashin shekarar farko.

Kada a ɗauka ina ƙin wannan tsari ne. Ina ganin yana cikin abubuwa mafi daraja da ƙungiyar ALPA da ire-irenta suka kafa tun bayan da David Behncke da abokansa suka assasa ta a 1931. A wancan zamani manaja na iya tilasta wa matuƙi ya tashi cikin mummunan yanayi, in ya ƙi a ba wani aikinsa. Jerin wa-ya-riga-wa ya kashe wannan. Kyaftin zai iya duban jirgi ya ce wannan ba zan tashi da shi ba sai an gyara, kuma ya san ƙarin girmansa ba ya hannun wanda ya ɓata wa rai. Mu da muka san yadda "wa ka sani" ke lalata wurin aiki, mun fi kowa sanin darajar tsarin da ba ya duban fuska ko dangi. Matsalar ba a layin take ba. Tana wurin abin da na gaban layi ke yi da ikon da layin ya ba su idan an zauna teburin ciniki.

A tebur ɗin nan buƙatun mutane ba ɗaya ba ne, ko da tambarin da ke ƙirjinsu ɗaya ne. Dokar Amurka ta ce matuƙin jirgin fasinja ya sauka a shekara 65. Kyaftin mai shekara 61 saura masa huɗu, don haka abin da yake so kuɗi ne yanzu, da biyan bashin ƙarin da ya wuce, da abin da zai shiga asusun ritayarsa. Ba laifi ba ne, kowa ya kai nan haka zai so. Shi kuwa mai shekara 30, saura masa talatin da biyar. Abin da ya dame shi shi ne kwana nawa zai yi a gida, wane irin zaman jiran kira za a ɗora masa, kuma shin jiragen da yake sa ran zama kyaftin a cikinsu za su zauna a kamfanin ko za a ba 'yan kwangila, wato ƙananan kamfanonin da ake ba aikin jigila da sunan babban kamfani. Kamfani ya san wannan sarai. Yana da masu lissafi da suka san mutum nawa ne a kowane mataki, kuma ba ya buƙatar kowa ya yarda, rabi da mutum ɗaya ya ishe shi. Saboda haka yakan zuba zuma a inda ƙuri'u suka fi kauri, ya tsuke a inda suka fi siranta. A Amurka kuma dokar da ke kula da wannan fanni, wadda aka yi wa ma'aikatan jirgin ƙasa a 1926 aka faɗaɗa ta zuwa jiragen sama a 1936, ba ta barin yarjejeniya ta mutu don wa'adinta ya cika. Tsohuwar na ci gaba da aiki, yajin aiki kuma ba ya halatta sai hukumar sasanci ta ƙasa ta sallami ɓangarorin an kuma jira kwana 30. Ciniki kan ɗauki shekaru. Kafin a ƙare kowa ya gaji, kuma gajiyayye ba ya tsayawa karanta shafin da bai shafe shi ba.

Ko ƙarin kashi-kaza-cikin-ɗari da ake yi wa kallon adalci, a duba shi da kyau. A ɗauka misali wani na karɓar dala 300,000 a shekara, wani 60,000, aka ce kowa an ƙara masa kashi 20. Na farko ya samu ƙarin 60,000, wato albashin na biyun gaba ɗaya. Na biyu ya samu 12,000. A sanarwa an yi musu daidai. A kasuwa tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru.

Wanda ya fara nuna wa duniya yadda ake wannan ciniki a fili shi ne Robert Crandall na American Airlines. Bayan da gwamnatin Jimmy Carter ta sakar wa kasuwar jiragen sama mara a 1978, sababbin kamfanoni masu arha suka fito suna karya farashi. A 1983 Crandall ya zo wa ƙungiyar matuƙan kamfaninsa da tayi: ku da ke nan ba za a taɓa albashinku ba, za mu sayi jirage masu yawa, za ku yi saurin zama kyaftin, amma duk wanda za a ɗauka daga yau za a biya shi kusan rabin abin da ake biyanku. Aka kira shi ma'aunin B. Suka sa hannu. A tsaya a duba wanda aka sayar a wannan ciniki: mutumin da ba ya ɗakin, ba shi da ƙuri'a, wataƙila ma a ranar yana makarantar koyon tuƙi bai san ana yanka rabonsa ba. Ba a daɗe ba sai ga mutum biyu a ɗakin tuƙi ɗaya, jarrabawa ɗaya suka ci, hadari ɗaya suke ratsawa, in jirgin ya faɗi tare za su mutu, amma ɗaya ya san ɗan'uwansa ne ya amince a biya shi rabi. Da kamfanin ya bunƙasa, 'yan ma'aunin B suka yi yawa, suka zama masu ƙuri'a, ƙungiyar ta shafe zagaye bayan zagaye na ciniki tana sayen abin da ta bayar da hannunta. Tsarin kuma bai tsaya a Amurka ba, Cathay Pacific ta Hong Kong ma ta kawo nata a 1993.

Akwai labarin da nake so duk shugaban ƙungiya ya sani. A 1985 shugaban United Airlines, Richard Ferris, ya nemi irin abin da Crandall ya samu. Matuƙan United suka ƙi, suka shiga yajin aiki ranar 17 ga Mayu, suka yi kwana 29. A lura, albashinsu ba shi ake shirin ragewa ba. Sun ajiye aiki ne saboda mutanen da ba a riga an ɗauka ba. Shi kuwa kamfanin ya yi tanadi: ya horar da wasu matasa kimanin 570 da alkawarin aiki, da nufin ranar da aka fara yajin su hau kujerun. Waɗannan matasa ba su da lamba, ba su da kariyar kowa, aikin da suka yi shekaru suna mafarki ne aka miƙo musu a faranti. Mafi yawansu suka ƙi tsallaka layin masu yajin. Kamfanin ya yi fushi ya ce ba zai ɗauke su ba, sai da aka sha shari'a da ja-in-ja kafin suka samu gurbinsu. Yajin bai kashe ma'aunin B gaba ɗaya ba, an dai taƙaita shi zuwa shekara biyar. Amma abin da ya faru a watan nan ya nuna inda ƙarfin ƙungiya yake. Manya sun tsaya wa ƙanana, ƙanana suka tsaya wa manya a ranar da da sun ga dama sun karya su. Yajin aiki ba ya cin nasara sai wanda ya fi kowa yunwa ya yarda ya ƙara kwana da ita, kuma ba zai yarda ba in ya san jiya an sayar da shi.

Na san wannan daga nesa ne a harkar jirage, amma na san shi daga kusa a rayuwata. A wurin da na fara aiki, wata bakwai da ɗaukata, aka kira taron ƙungiya a wani zaure mai kujerun roba, fanka ɗaya ke juyawa. Sakatare ya miƙe ya karanta abin da aka cimma da hukumar wurin: an ƙara alawus na gida da na sufuri. Aka yi tafi. Sai ya sassauta murya ya karanta layin ƙarshe, cewa wannan ya shafi waɗanda aka tabbatar da aikinsu ne kawai. Mu tara ne a kujerun baya, kuma duk wata ana cire mana kuɗin ƙungiya. Na ɗaga hannu. Wani dattijo da nake girmamawa ƙwarai ya juyo ya dafa gwiwata ya ce, "Yaro, yi haƙuri. Mu ma haka muka tarar, kai ma za ka kai." Na sauke hannuna. Abin da ya fi damuna ba wannan ranar ba ce. Bayan shekara shida an sake irin wannan zama, ina kujerun gaba, aka karanta irin wannan layin, kuma na ɗaga hannu tare da masu amincewa. Ban waiwaya baya ba, don na san fuskokin da zan gani. Har yau abin na ci mini rai, shi ya sa ba na ɗaukar manyan matuƙan nan a matsayin mugaye. Na san yadda ake zama su.

"Kai ma za ka kai." Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace ƙarfi, kuma ta cancanci a amsa ta da gaskiya. Ma'anarta ita ce babu wanda aka cuta, lokaci ne kawai, kowa zai hau tsanin nan ya iske rabonsa a sama. Da tsanin na tsaye wuri ɗaya, da na yarda. Amma a tambayi wanda aka ɗauka a babban kamfanin Amurka a shekarar 2000. Shekara ɗaya da fara aikinsa aka kai harin 11 ga Satumba, aka sallami dubban matuƙa daga ƙasan jeri, wasu suka yi shekaru kafin a sake kiransu. Manyan kamfanoni suka yi ta shiga kotun fatara. A Disamban 2007 aka ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 65, wanda ga na sama ƙarin shekara biyar ne a kan albashi mafi tsoka, ga na ƙasa kuwa shekara biyar ce da layi ya tsaya cik babu mai matsawa. Ana cikin haka tattalin arzikin duniya ya durƙushe a 2008. Mutum ya yi haƙurin da aka ce ya yi, ya ɗago kai yana da furfura, har yanzu yana kujerar dama yana jiran waya.

Matuƙan TWA ma an ce musu za su kai. Da American ta sayi kamfaninsu a 2001, fiye da 1,200 daga cikinsu aka manna a can ƙarshen jerin, a bayan sababbin ɗaukar American, duk da shekarun da suka yi suna tuƙi. Da sallama ta zo, su ta fara ci. Suka kai ƙungiyarsu ta ALPA kotu, a 2011 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce ƙungiyar ta gaza wakiltarsu bisa adalci, daga baya aka sasanta a kan dala miliyan 53. Abin ya yi muni har majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 2007 da ta wajabta a haɗa jerin ma'aikata bisa adalci idan kamfanoni biyu sun haɗe. Kuɗin sun zo bayan shekara goma sha wani abu. Shekarun ba su dawo ba.

Adalci ne in faɗi cewa manyan ma sun sha wuya. A shekarun fatarar nan an rushe asusun fanshon matuƙan US Airways da United da Delta, mutanen da suka kusa ritaya suka ga abin da suka dogara da shi ya zaftare, ba su da sauran lokacin sake tarawa. Kuma yawancin abin da suka sa wa hannu a lokacin, da wuƙa a wuya suka sa. Amma ko a nan, a duba abin da ya fi saurin fita daga hannu: sharaɗin da ke iyakance jiragen da kamfani zai iya ba 'yan kwangila. Kowane zagaye aka ɗan sassauta shi, daga jirage masu kujera 50 har zuwa masu 76, don a ceci wani abu a albashi. Haka aka wayi gari kusan rabin tashin jiragen cikin gida a Amurka ƙananan kamfanonin kwangila ke yin sa. Fentin jirgin na babban kamfani ne, tikitin nasa ne, amma matuƙan ba sa cikin jerinsa, kuma albashinsu a wancan lokacin abin kunya ne. Ma'aunin B ne ya dawo ta ƙofar baya, ya fi na farko muni, don wannan ba ya haɗewa da na sama ko bayan shekara nawa. Kamfanonin kwangilar kuma ana gwara kansu, wanda ya fi arha a ba shi aiki. Matuƙan Comair, ƙaramin kamfani mallakar Delta, sun yi yajin kwana 89 a 2001 suka samu ƙari, a 2012 Delta ta rufe kamfanin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga yadda ƙasan tulin dankalin yake. Ana biyan matuƙi ne da awoyin da jirgi ke tafiya, ba awoyin da ya yi a filin jirgi yana jira ba. Sabon shiga ba shi da jadawali, ɗan jiran kira ne, dole ya kasance kusa da filin da aka tura shi don ana iya kiransa ya iso cikin awa biyu ko uku. Garin kuwa galibi mai tsada ne da ba zai iya kama gida ba. Sai su haɗu su da yawa su kama ɗaki, a jera gadaje masu hawa biyu, kowa da jakarsa a gindin gado, rigar aiki a rataye a ƙusa, waya a kan ƙirji. Wani na shigowa ƙarfe biyun dare, wani agogonsa na kaɗawa ƙarfe huɗu. Ranar 12 ga Fabrairun 2009 jirgin kamfanin kwangila na Colgan Air mai lamba 3407, ɗauke da sunan babban kamfanin Continental, ya faɗi a kan wani gida kusa da Buffalo a jihar New York, mutum 50 suka rasu. Mataimakiyar kyaftin ɗin shekararta 24, abin da take samu a shekara bai wuce kimanin dala 16,000 ba. Tana zaune ne a yankin Seattle, can ɗaya gefen ƙasar, ta kwana tana tafiya a jiragen dakon kaya don ta iso bakin aiki a Newark. Tana fama da mura, kuma na'urar naɗar murya ta ɗauko ta tana cewa in ta ce ba ta da lafiya, ita za ta biya wa kanta otal har ta warke. Hukumar bincike ta ɗora musabbabin haɗarin a kan yadda kyaftin ya mayar da martani ba daidai ba lokacin da jirgin ya yi gargaɗin raguwar gudu, ba ta ce talauci ne ya kayar da shi ba, ni ma ba zan ce ba. Amma duk lokacin da na tuna da yarinyar nan tana lissafin kuɗin otal a sararin sama, sai in ji cewa shafin albashin shekarar farko ba maganar cikin gidan ƙungiya ba ce kawai. Fasinja ma na da haƙƙi a ciki.

Bayan wannan haɗari aka yi dokar da ta wajabta wa mataimakin kyaftin awa 1,500 na tuƙi, ta fara aiki a 2013. Daga baya matuƙa suka yi ƙaranci, albashin ƙananan kamfanoni ya yi tsalle, musamman a 2022. A nan akwai abin da ya kamata ya sa shugabannin ƙungiyoyi sunkuyar da kai: shekaru ana cewa babu kuɗin da za a biya na ƙasa, ranar da aka rasa mai cika kujerar sai ga kuɗin sun fito. Kasuwa ce ta yi wa ƙanana abin da 'yan'uwansu ba su sa a gaba ba. Manyan yarjejeniyoyin 2023, irin na Delta mai ƙarin kashi 34 cikin shekara huɗu da na United da ya kai kusan 40, sun ɗaga na ƙasa su ma, amma an yi su ne a lokacin da kamfanoni ke rububin ɗaukar mutane. Ba a gane halin ƙungiya a shekarar yalwa.

A shekarar ƙunci kuwa an ga ɗan haske. A Satumban 2020, korona ta kwantar da jirage, United na shirin sallamar matuƙa 2,850. Mambobin suka kaɗa ƙuri'ar rage awoyin aikin kowa don kada a kori kowa. Ragin ya fi nauyi a kan na ƙasa, kuma da yawa daga na sama sun ƙi, suna cewa me ya sa za a taɓa su alhali lambarsu ta kare su. Duk da haka ta wuce, mutanen suka zauna da aikinsu da horonsu, kuma da tafiye-tafiye suka dawo kamfanin bai sha wahalar nemo su ba. Ana iya yi ke nan.

Abin da nake nema ba ya buƙatar a rushe layi. Wanda yarjejeniya za ta hau kansa ya kamata ya sami bakin magana a kanta, har da ɗan shekarar gwaji wanda a wurare da yawa ana iya korarsa ba tare da cikakkiyar kariyar ƙungiya ba, ga shi kuma shi ne aka fi yanke wa hukunci a bayan idonsa. A kwamitin ciniki a sa mutum ɗaya aƙalla da ya kwana a gado mai hawa biyu a cikin shekarar nan, ba shekara ashirin da suka wuce ba, don mantuwa gaskiya ce, na shaida ta a kaina. Kafin ƙuri'a a buga wa kowa a fili abin da ɗan shekara ɗaya zai samu da abin da ɗan shekara goma sha biyu zai samu, da kuɗi ba da kashi cikin ɗari ba, kowa ya kaɗa ƙuri'arsa yana kallon lambar ɗan'uwansa. Sannan akwai abin da ya kamata ya zama haramun a kowane tebur: sa hannu a kan sharaɗin da zai hau kan waɗanda ba a riga an ɗauka ba kaɗai. Ba naka ba ne, ba ka da ikon sayar da shi.

Yaran da ke fitowa daga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, waɗanda iyayensu ko jihohinsu suka kashe dukiya a kansu, cikin wannan duniyar za su shiga, ko a gida ko a waje, kuma duk inda suka sauka daga ƙasan jeri za su fara. Waɗanda suka ga rushewar Nigeria Airways a 2003 sun san yadda tsani ke karyewa da mutum yana tsakiyarsa. Mu da ba ma tuƙa komai mun san tsarin a bankuna da masana'antu, inda ma'aikacin dindindin da ɗan kwantiragi ke zaune a tebur ɗaya suna aiki ɗaya, ƙungiya kuma ta ɗaya ce kawai.

Yarjejeniyar Air Canada za ta cika wa'adinta a 2027. Waɗanda suka shiga kamfanin bayan korona, suka kaɗa ƙuri'ar ƙi a 2024 aka rinjaye su, a lokacin da yawansu sun tsallake shekarun ƙuncin, sun shiga albashi mai kauri, wasu ma sun koma kujerar hagu. A bayansu kuma za a sami wasu sababbi a kujerun baya na zauren, da wasu da ba a ɗauka ba tukuna. Kamfani zai zo da tayinsa, da masu lissafinsa, kuma na tabbata ya riga ya ƙirga su.